Hanyar Nabla

Dalilin da ya sa a Ardnabo ba a kai gawa maƙabarta kai tsaye, sai an fara gangarawa da ita bakin teku a kafaɗa, alhali ga maƙabartar can bisa tudu kana hango ta daga ƙofar kowane gida, shi ne abin da zan gaya muku yanzu. Ku matso kusa da wuta. Kai Mansir, angona, ajiye wayar nan kafin in cilla ta cikin murhu. Ba kai ne ka ɗaga murya ɗazu muna tsaye a bakin hanya ba, wai mutanen nan sun yi ɓatan kai, sun bar motar gawa tana jira? Ka sa na rasa inda zan sa fuskata. To, ba ɓatan kai suka yi ba, sun fi ka sanin hanya.

Ke kuma Zinatu, na ga bakinki yana motsi. E, a Gumel aka binne cibiyata, ban musa ba. Amma tun ubanku yana rarrafe na zo ƙasar Ayalan aikin jinya, a wannan lungun na tsufa, kuma rabin ƙartin da suka ɗauki akwatin gawar nan yau ni na ɗaure musu miki suna yara. Saboda haka in na ce "mu 'yan Ardnabo" babu wanda ya isa ya gyara mini zance, balle ku 'yan Dablin da ba ku iya bambance akuya da tunkiya ba. Labarin nan daga bakin maƙwabciyata Gobnat na ji shi, ita wadda muka raka yau, ita kuma daga bakin kakarta. Kunne ya girmi kaka.

A can da, wannan koren da kuke gani babu shi. Dutse ne tsurarsa, daga nan har inda ido ya tsaya. Ƙasar nomar Ardnabo ba samun ta aka yi ba, ɗauko ta aka yi a gadon baya. In guguwa ta taso, teku yakan amayo wata ciyawa mai santsi mai ƙarni ya zube a gaɓa. Sai kowa ya fito, maza da mata, su kwashe ta a kwanduna, su goya, su hauro da ita, su haɗa da yashi su shimfiɗa a kan dutse. Ita ce ƙasarsu, ita ce takinsu. A kanta suke tada kunya su shuka dankalin Turawa, dankalin nan kuwa shi ne karin kumallo, shi ne na rana, shi ne na dare. Shekarar da babu ciyawar teku, babu dankali ke nan.

Hanya kuma ɗaya ce tak zuwa gaɓa, ta wannan gangaren da muke kira Babban Fili. Dama da hagu duk tsaunuka ne a miƙe, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sauka.

Ƙasar ba tasu ba ce, ta wani attajiri ce da ke zaune a Ingila, wanda ko sau ɗaya bai taɓa tako ta ba. Ana nan sai ya aiko wakili, wani dogon mutum mai jan gemu wai shi Gilkris, ya zo da tumaki garke guda. Gilkris ya zaga ya zaga, ya ga babu ciyawar kiwo mai kyau irin ta Babban Fili. Bai nemi shawarar kowa ba, ya sa aka zagaye filin da katangar dutse, aka kafa ƙofar ƙarfe, aka garƙame da kwaɗo.

Dattawan Ardnabo suka je suka same shi, huluna a hannu.

Suka ce, "Ranka ya daɗe, ba filin muke so ba. Ka bar mana 'yar hanya, ko da faɗin mutum ɗaya da kwandonsa."

Ya ce, "Tumakina ba sa son hayaniya."

Suka ce, "To ta ina za mu kai ga teku?"

Ya ce, "Ku tambayi tsuntsaye. Amma duk wanda na kama ya haura katangar nan, a ranar zan sa a kware rufin gidansa."

Ba wasa yake yi ba kuwa. Wani saurayi ya gwada haurawa, kafin rana ta faɗi uwarsa da ƙannensa suna zaune a kan kayansu a bakin hanya, ruwan sama yana dukansu. Daga nan kowa ya shiga taitayinsa. Shekarar farko dankali ya fito ƙanana kamar ƙwan zabuwa. Shekara ta biyu bai ma kai haka ba, har wasu suka soma cin iri. Gida-gida aka fara zancen jirgin ruwa da ƙasar Amurka, kuma a wancan zamanin wanda ya hau jirgin nan ba a sake ganinsa.

To, akwai wata tsohuwa a ƙarshen hanya, sunanta Nabla. 'Yar mitsitsiya ce, ga lofe kullum a bakinta tana busa hayaƙi, ga baki, kai jama'a! In ta buɗe shi ko karnuka sai su shige ƙarƙashin gado. Kada ka kalle ni haka, Mansir, na san abin da kake shirin faɗa. Mijinta Kolla ya daɗe da mutuwa, yana kwance a maƙabartar tudu, ita kuma ta keɓe wa kanta wuri a gefensa, ta zagaye shi da fararen duwatsu. Kowace Lahadi in an fito daga coci sai ta hau ta zauna a bakin kabarinsa ta ba shi labarin gari, wa ya haihu, wa ya yi faɗa da wa, ta kuma yi masa mitar ƙofar da ya tafi bai gyara ba. Mutane suna dariya, amma kowa ya san son da take yi wa mutumin nan ya wuce misali. Ba ta da wani buri da ya rage a duniya illa ta kwanta a wurin nan.

Ɗanta ɗaya ne, Manus, mutum mai sanyin hali, ya ɗauko ubansa. Yana da mata, Sorka, da yara ƙanana cike da ɗaki. Shi ma ya riga ya yanke shawara, in aka ƙara shekara ɗaya babu ciyawa zai kwashi iyalinsa su bi jirgi.

Da sanyi ya shigo sai ciwon ƙirji ya kwantar da Nabla. Ta san ba mai tashi ba ne. Wata safiya ta kira Manus bakin gadonta.

Ta ce, "Zauna. In na mutu, ba tudu za ka kai ni ba."

Ya ce, "Inna, zazzaɓi ne yake sa ki magana."

Ta ce, "Zazzaɓin gidanku. A bakin teku za ka binne ni, a tsohon kangon nan."

Manus ya miƙe zumbur. Ku san fa wurin da take nufi. A can ƙasan Babban Fili, dab da ruwa, akwai wani rusasshen kango, ƙaiƙayi da ƙaya sun cinye shi. Nan ake turbuɗe gawarwakin baƙin da teku ya jefo, waɗanda ba a san sunansu ba, ba a san ƙasarsu ba. Babu ɗan mutunci da aka taɓa kaiwa can. Ko da rana tsaka mutane ba sa son gilmawa ta wurin.

Ya ce, "Cikin baƙin da teku ya amayar? Ke? In sa idona a idon wa a garin nan? Me zan ce wa Baba?"

Ta ce, "Ubanka ya yi shekara da shekaru yana neman hutu daga bakina, ya samu, ka bar shi ya huta. Kai dai ba ka da tunani, tun kana yaro haka kake. Me kakanninmu suka ce game da wurin da gawa ta bi?"

Manus ya koma ya zauna. Ya sani sarai. A al'adar mutanen nan, duk inda aka ratsa da gawa a kafaɗa ya zama hanyar kowa da kowa, babu mai toshe ta. Kuma gawa in an ɗaga ta ba ta komawa da baya, ba a kuma dire ta a ƙasa sai a bakin kabarinta. Wanda duk ya yi kiciɓis da ita, ko maƙiyi ne, sai ya cire hula ya juya ya taka mata 'yan sawu.

Ta ce, "To. Rayayyu sun roƙa an hana su. Bari mu ga ko za a hana matacciya."

Ya ce, "Ba zan yi ba, Inna. Wallahi ba zan yi ba. Gara mu hau jirgi."

Ta ce, "Ku hau jirgi ku bar wa tumaki ƙasar da na ɗauko a bayana? Dubi bayan nan nawa, kwando ne ya tanƙwara shi. Ka sa hannunka a nawa ka yi mini alkawari, in ba haka ba ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Suka yi kwana da kwanaki a kan maganar nan. Shi ya kafe, ita ta fi shi kafewa. Ta daina karɓar abinci daga hannunsa, in ya shigo ta juya fuska bango. A ƙarshe dai ya durƙusa ya sa hannunsa a nata yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Sai ta ce, "Yauwa. Yanzu goya ni ka kai ni wurin ubanka."

Ya naɗe ta da bargo ya goya ta, ba ta fi nauyin kwando ɗaya ba, ya hau tudu da ita. Ya zaunar da ita a inda ta saba zama, ya ja gefe. Ta daɗe ba ta ce komai ba, abin da ba a taɓa gani ba. Can ta dafa kabarin ta ce, "Kolla, ni ce. Ba zan zo ba. Kada ka yi ta jira na." Ta tsince fararen duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya ta tara su gefe, ta ce wa Manus su tafi. Duk hanyar dawowa hawayenta suna zuba a wuyansa, shi kuwa bai nuna ya ji ba, don ya san za ta ci mutuncinsa.

Kowa ya zaci ba za ta kai mako ba. Ina! Mata suka zo dubiya suna sharar ƙwalla, ta ce, "Ku tashi ku ba ni wuri. In mutu yanzu cikin sanyi, wa ke buƙatar ciyawa? Sai lokacin shuka." Rai dai na Allah ne, ni da na yi aikin asibiti na fi kowa sani, amma tsohuwar nan ta riƙe numfashinta da haƙori har sanyi ya wuce. Da lokacin shuka ya kama aka yi wata gagarumar guguwa, teku ya zubo ciyawa tuli-tuli a gaɓa, mutane suna hango ta ta saman katanga suna haɗiyar yawu. Da gari ya waye iska ta kwanta, Nabla ta tambayi surukarta, "Ta zo?" Sorka ta ce, "Ta zo, Inna, ba a taɓa ganin irinta ba." Ta ce, "To, madalla. Kada wanda ya dawo daga rakiyata hannu rabbana." Kafin azahar ta cika.

Ranar binnewa fada, limamin coci, ya zo gida ya yi addu'o'insa. Aka ɗaga akwati, Manus yana gaba ta dama, duk Ardnabo suna biye, mata sun lulluɓa da manyan mayafai baƙaƙe. Da aka iso mararraba, inda hanya ɗaya ta hau tudu ɗaya ta gangara, nan inda muka tsaya ɗazu, sai Manus ya karkata kafaɗarsa wajen teku. Kowa ya bi.

Magana ba ta ɓuya a ƙauye, ta riga ta kai kunnen Gilkris. Suka tarar da shi bisa doki a bakin ƙofar ƙarfe, bindiga a cinyarsa. Ga makiyayansa tsaye da sanduna, 'yan ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu ne da ya ɗauka aiki, babbansu wani mai suna Fiyakra.

Gilkris ya ce, "Maƙabartarku tana can sama. Ku juya."

Manus ya ce, "Ranka ya daɗe, gawa ba ta juyawa."

Ya ce, "To ku ajiye ta nan ku yi ta gadinta."

Manus ya ce, "Ba a ajiye ta sai a kabarinta."

Gilkris ya yi dariya, ya ce, "Ni kuwa ba na buɗewa. Mu ga wanda zai gaji."

Aka yi cirko-cirko. Ruwan sama ya tsuge, irin namu na nan da ba ya sallama. Akwati yana kafaɗa, in wannan ya gaji wancan ya zura kafaɗarsa ya karɓe shi, ba tare da katakon ya yi ƙasa ko da taƙi ɗaya ba. Tsofaffi masu rawar gwiwa suka karɓa, samari suka karɓa. Manus kaɗai ya ƙi a canje shi. Tun hantsi har rana ta karkata yana nan a tsaye, rigarsa ta manne da jini a kafaɗa.

Sorka ce ta fara gajiya da kallon mijinta a haka. Kun dai ga katangun nan namu, dutse ne a kan dutse, babu laka babu siminti. Ta fita daga cikin mata, ta je gefen ƙofar, ta ɗauke dutse ɗaya daga saman katanga ta rungume.

Gilkris ya daka mata tsawa, "Ke! Me kike yi?"

Ta ce, "Na kabarin surukata ne, ranka ya daɗe. Bakin teku akwai iska, sai an danne."

Wata ta bi bayanta ta ɗauki nata. Wata ma haka. Ba gudu, ba ihu, kowace ta ɗauki dutsenta ta koma layi. Katanga ta soma yin giɓi.

Gilkris ya juya ga makiyayansa, ya ce, "Kuna kallo? Ku kore su!"

Fiyakra ya dubi sandarsa, ya dubi akwatin. Sai ya jingine sandar, ya cire hularsa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, abincinka nake ci, zan tsare maka tumaki daga dila da ɓarawo. Amma ba zan tare gawa ba. Ni ma wata rana a kafaɗar mutane zan tafi."

Gilkris ya ce, "Ka bar aikina daga yau!"

Fiyakra ya ce, "Na ji." Ya taka ya shiga cikin masu rakiya. Sauran makiyayan suka cire nasu hulunan suka bi shi.

Giɓi ya kai ƙasa. Gilkris ya zaburi doki ya tsaya a tsakiyarsa, ya ɗaga bindiga ya auna ƙirjin Manus. Tirƙashi! Gobnat ta ce kakarta tana 'yar yarinya a wurin, ta ce ko numfashi babu mai yi, sai ƙarar ruwa a kan akwati.

Manus, wannan mai sanyin halin da uwarsa ta yi ta cewa ba shi da tunani, ya ɗaga kai ya ce, "Hannuwana duka biyu suna riƙe da uwata, ba ni da abin da zan yi maka. In ka harbe ni za ta faɗi, kuma a filinka za ta faɗi. Ni dai tafiya zan yi."

Ya ɗaga ƙafa. Sauran masu ɗauka suka ɗaga tasu. Akwati ya nufo doki a hankali, mata suka ɓarke da kukan makoki gaba ɗaya, irin nasu mai tsinka zuciya. Dokin ya yi haniniya ya ja da baya, ya ƙara ja. Wasu sun ce dokin ne ya tsorata, wasu sun ce mai dokin ne ya ja linzami. Ni dai abin da na sani, bindigar ba ta tashi ba, kuma Nabla ta ratsa Babban Fili daga sama har ƙasa, tumaki suna darewa suna ba ta hanya.

Suka sare ƙaya, suka haƙa kabari a cikin kangon, suka sa ta, kowace mace ta ɗora dutsenta. Da aka gama sai mata suka yaye mayafai. Ashe kowace da kwandonta a goye a ƙarƙashi! Aka afka wa ciyawa. Ranar nan babu wanda ya hauro hannu rabbana, har fada da kansa ya naɗe rigarsa ya rungumo abin da ya iya. Suna kuka suna kwasa, suka yi ta sauka suna hawa har duhu ya hana su. Cikin 'yan kwanaki aka tada kunyoyi aka yi shuka. Fiyakra kuwa da aka kora, Ardnabo suka yanka masa gefen gona, suka yi gayya suka gina masa ɗaki. Jikokin jikokinsa ne masu jan ƙofar nan da ke kusa da gada.

Zinatu, kada ki tafa tukuna, tsugune ba ta ƙare ba. Gilkris ya nemi magina su toshe giɓin. Duk yankin nan babu wanda ya yarda ya ɗora dutse a hanyar gawa, ko nawa za a ba shi. Sai ya aika aka kawo masa magina daga nesa, waɗanda ba su san Nabla ba, ba su san al'adarmu ba. Suka mayar da katanga, har ta fi da tsawo. Ya aiko da saƙo cewa tsohuwa ɗaya ba ta yin doka.

Wannan ne ya karya Manus. Ya raba uwarsa da ubansa, ya kwantar da ita cikin baƙi, ga shi hanya ta sake rufewa, ko kabarinta ba shi da ikon zuwa ya gani. Kullum da yamma sai a gan shi tsaye a jikin katanga yana leƙen kangon daga nesa. Ya rame, ya daina magana. Ya ce wa Sorka, "Na yar da uwata a banza. Da an cire dankalin bana za mu tafi." Kowa ya san ba shi kaɗai zai tafi ba, in gidan Nabla ya tashi sauran ma bi za su yi.

Ana cikin haka wani tsoho mai suna Ruwari ya mutu. Shi ma matarsa tana tudu, ya kuma bar wasiyya a kwantar da shi kusa da ita. Manus ya fito rakiya kamar kowa, yana can baya, kai a sunkuye. Bai roƙi kowa komai ba, don ya san abin da ake ji, ba zai so wani ɗa ya ɗanɗana ba. Da aka iso mararraba sai akwati ya tsaya. Babban ɗan Ruwari, wanda ke gaba, ya waiwayo ya ɗaga murya.

Ya ce, "Ina Manus? Zo ka kama mana nan."

Manus ya zo ya sa kafaɗa, ya ce, "Tudu ne dai ko?"

Ɗan Ruwari ya ce, "Tudu ne. Babanmu kusa da innarmu zai kwana, haka ya ce, haka za a yi. Amma tun suna yara yake tsoron bakin Nabla. Kana ganin zai yarda ya bar garin nan bai je ya yi mata sallama ba?"

Suka karkata wajen teku. Wannan karon ba a tsaya jiran kowa ba, mata suka yi gaba, kafin akwati ya iso sabuwar katangar ta zama giɓi. Aka gangara har kangon, aka tsaya a kan kabarin Nabla da akwati a kafaɗa, maza suka cire huluna. Manus ya sunkuyar da kai a kan kabarin uwarsa. Da za a tafi wani ya ce, "To ai gawa ba ta komawa ta inda ta fito." Aka ce gaskiya ne. Sai aka zagaya kangon, aka hau ta ɗaya gefen filin, aka fasa katanga a wuri na biyu, aka miƙe tudu aka kwantar da Ruwari kusa da matarsa. Gilkris ya kwana da giɓi ɗaya a ransa, ya tashi da biyu.

Ya kai ƙara. Alƙali ya tambaya wa ya rushe katanga, duk wanda aka kira sai ya ce shi dai rakiyar gawa ya je, kansa a sunkuye yake, bai ga komai ba. Gilkris ya sake kawo magina suka toshe. Aka sake yin mutuwa, aka sake fasawa. Ya gina, aka fasa. To wa zai yi tsere da mutuwa? Ita ba ta gajiya, ba a kuma biyan ta lada. Maginan ne suka fara gajiya, sannan attajirin Ingila ya gaji da jin labarin katanga, ya kira wakilinsa gida. Wanda ya gaje shi da ya zo aka ba shi labari, ya je ya dubi giɓin biyu, ya sa aka yi wa tumaki shinge nesa da su. Manus bai hau jirgi ba. A nan ya tsufa, a nan ya aurar da 'ya'yansa, kuma gonarsa ce wannan da ke bayan tagarmu.

Shi ya sa har yau, duk da yanzu taki a buhu ake sayo shi, filin ma na ɗan gari ne, babu kwaɗo babu bindiga, in aka yi mutuwa a Ardnabo sai mota ta tsaya a mararraba ta jira. A ɗauki mamaci a kafaɗa a sauka ta giɓin farko, a tsaya a kangon bakin teku a cire huluna, sannan a hauro ta giɓi na biyu a tafi tudu. Ko ana ruwa, ko ana ƙanƙara, ko mamacin a Amurka ya mutu aka kawo shi a jirgin sama. Nabla ta yarda ta kwana ita kaɗai cikin baƙi don 'ya'yan garin nan su ci abinci a ƙasarsu. Tun daga ranar Ruwari kuwa, babu ɗan Ardnabo ko ɗaya da ya bar duniya bai biya ya gaishe ta ba.